Fis ɗin amfilifayar Baba

Birnin Kudu, daren Alhamis, 14 ga Yuli, 1977

Da la'asar na tarar Inna ta ɗora kwanon miyar Baba a kan amfilifayarsa, na'urar ƙara sautin kiɗa, daidai ramukan da zafin kwalaben cikinta ke fita, tana goge wadda ta zuba da jiƙaƙƙen tsumma. Janareto na aiki, faifai na juyawa.

Na ce, "Inna, akwai wuta a ciki!"

Ta ce, "Ai ɗumin nake so, ɗan boko. Wata uku ke nan miyar Alhaji ba ta huce ba."

Minti biyar bayan an kashe, na buɗe bayanta na auna. Akwai sauran wuta mai ƙarfin bolt ɗari biyu da tamanin, wadda za ta iya kashe mutum.

Baba ba zai rabu da ita ba, ya ce in tana kiɗa kamar mawaƙin na zaune a ɗakin. Inna kuwa dariya take mini. Jibi zan tafi bautar ƙasa.

Na zare fis ɗin, wanda in babu shi ba za ta kama wuta ba, yana aljihuna. Gobe Baba zai kira injiniyansa, wato ni, in gyara, ni kuma zan durƙusa in ce ta gagare ni. Ban taɓa yi masa ƙarya ba. Allah ya sa kada muryata ta tona ni.