Tiyon da na ɓoye a durowar keken ɗinki

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kuma ki sakaya sunana. Na ƙulla abin da na kasa kwancewa, kuma duk wanda na faɗa wa dariya zai yi min.

Ni tela ce, shekarata sha shida da aure, yaranmu uku. Maigidana bakanike ne, ya haura shekara ashirin a sana'ar. Shekara biyu ke nan da ya samu aikin gyaran manyan injina a wani wuri mai nisa, sau ɗaya yake zuwa gida a shekara. Da zai tafi ya bar min motarsa, wata tsohuwa doguwa ruwan toka, irin mai canja giya da kanta. Ta girme ni ma. Ubangidansa da ya koya masa aiki ne ya bar masa ita, shi ya sa ko ƙuda ba ya so ya sauka a kanta. Har yau ban matsar da kujerar direba daga inda ya bar ta ba, sai dai in sa matashi a bayana.

Ba mugu ba ne, amma magana a wurinsa kamar sayenta yake yi. In ya kira, ya tambayi lafiyata, ya tambayi yara, shi ke nan. Na taɓa duba wayata, minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. Ina kewarsa har abinci ya daina yi min daɗi, amma yaya za ki faɗi haka cikin minti ɗaya?

Wata huɗu da suka wuce motar ta fara ciwo. Ba ta canja giya a kan lokaci, injin ya yi ta kuka, sai can ta shiga da ƙarfi ta fizge mutum. Na faɗa masa a tsorace. Gwaggo, ranar minti hamsin muka yi! Ya sa na ɗumama injin, na tsaya inda ƙasa ta daidaita, na zaro ma'aunin man giya alhali motar na kunne, na goge da farin ƙyalle. Ya tambayi ko man ja ne garau ko ya yi duhu, ko yana ƙauri. Sati na gaba ya sa aka canja man da matacinsa. Na gaba kuma wayar totur muka duba. Wani lokaci ya ce in ɗora waya a gaban sitiyari in tuƙa zuwa shataletale in dawo, don ya ji kukan da kunnensa. A tsakani yana dariya, yana ba ni labarin ubangidansa, har rannan ya kira ni da sunan da yake kirana da shi kafin in haihu. Sai da na tsaya a gefen titi na share hawaye.

Ga laifina. Tun a sati na uku na gano matsalar. Ina duba mai na ji wani ɗan huci kamar na garwar da ta huje. Na bi da hannu na tarar da wani siririn tiyo da ya fito daga injin ya gangara wajen giyabos, ya tsage. Na naɗe shi da salatif, na tuƙa, mota ta canja giya lau, ko motsi ban ji ba. Na zauna a ciki na daɗe. Sannan na buɗe bonet na ware salatif ɗin da hannuna. Na ma sayi sabon tiyo, yana nan a durowar kekena, ƙarƙashin zare.

Yanzu ya ce ya yi magana da wani abokin aikinsa na da, wanda zai zo ƙarshen wata ya sauke giyabos ɗin, in kuma ba ya gyaruwa a sayar da motar. Da ya faɗa muryarsa ta yi rauni. Saura kwana goma. In na yi shiru za a farke lafiyayyar mota. In na faɗa, na zama maƙaryaciya, kuma mu koma minti ɗaya da arba'in. Ba motar nake so ta daɗe da ciwo ba, shi nake so ya daɗe a waya. Yaya zan yi?

Matar bakanike

'Yata,

Ban yi miki dariya ba. Na dai yi murmushi, don na san mata da yawa da suka ƙirƙiri ciwon kai saboda abin da bai kai naki ba. Kewar miji ba abin kunya ba ne.

Amma bari in fara da inda kika yi kuskure. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, taki kuma ta kusa cinye abin da mijinki ya fi so bayan ku. Na kai wasiƙarki wurin wani tsohon bakanike maƙwabcina, ba tare da suna ba. Ya ce a irin waɗannan tsofaffin motoci tiyon nan ne ke sanar da giyabos lokacin da za ta canja, kuma kowace fizga da kike ji cin ƙarfen ciki take yi. Wato ciwon wasa na iya zama na gaske. Ga shi kuma kina ɗaukar yara a ciki. Shi ma ki duba nasa ɓangaren: mutum yana can shi kaɗai, yana ganin amanar ubangidansa na lalacewa, hannunsa bai kai ba. Ba ki yi masa adalci ba.

Sai dai maƙwabcin nawa ya faɗi wani abu da ya tsaya min a rai. Ya ce duk wanda ya yi wata shida a gareji ya san bayan mai, tiyon nan ake fara dubawa. Mijinki ya haura shekara ashirin da sifana a hannu. Wata huɗu ya bi da ke kan mai, kan mataci, kan wayar totur, bai taɓa ambatar tiyo ba. Mai yiwuwa gajiya da nisa ne suka sa ya manta, ban rantse ba. Amma mai yiwuwa ne kuma ba ke kaɗai ba ce ke ɓoye tiyo a gidan nan. Akwai mazan da bakinsu ba ya buɗewa sai an buɗe bonet. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ku kuwa waya ta hana ku ganin fuskar juna.

Ga shawarata. Ki ajiye motar daga yau. Kada ki jira kiransa, ke ki kira shi ranar hutunsa. Ki faɗa masa komai, har salatif ɗin da kika ware, sannan ki faɗi dalili da bakinki, a fili: kina kewarsa, minti ɗaya ba ya isarki. Zai iya yin fushi, yana da hakki, ki ba shi haƙuri ki bar shi ya huce. Abokin nasa kuma a ce masa ya sha zamansa.

Tiyon kada ki sa shi ke kaɗai. Ki ɗauko shi daga durowa, ki buɗe bonet, ki bar mijinki ya nuna miki yadda ake sawa. In kun gama, ki ɗora waya a gaban sitiyari ki tuƙa zuwa shataletalen nan. Zai ji motar ta canja giya lau, ba sauran abin da zai saurara a injin. Ki yi shiru ki gani ko zai kashe wayar.

Ina kyautata zaton ba zai kashe ba. Allah ya daidaita tsakaninku, ya dawo miki da shi lafiya.

Gwaggonki