Inji Ya Yanki Umma, Ban Ji Komai Ba

Anti Kulu, don Allah ki taimaka mini, ba ni da wanda zan gaya wa. Shekarata goma sha shida, muna zaune a Ɗorayi ni da Ummata. Tun rasuwar mahaifina take aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Duk ranar da babu makaranta, in za ta fita sai ta datse ƙofar gida da kwaɗo ta waje, ta tafi da makullin. Lokacin hutun cin abinci ta kira ni a waya, ta sa in ƙaro sautin rediyo don ta tabbatar ina ɗaki. Ƙawayena sun gaji da ƙwanƙwasa ƙofa. Walimar saukar aminiyata Shifa'u ma ta taga na jiyo ta.

Da ina kuka, ina roƙo. Yanzu na daina, komai ta faɗa sai in ce to. Har yabona take wajen maƙwabta wai na yi hankali.

Makon jiya inji ya yanke ta a yatsu biyu. Abokan aikinta suka kawo ta a adaidaita, sai da suka laluba jakarta kafin aka buɗe ni. Na ɗora ruwan zafi, na wanke hijabinta da ya ɓaci da jini, amma wallahi ban ji komai ba. Ba tausayi, ba haushi. Anti, zuciyata ce ta mutu? Ina tsoron alhaki.

'Yar Ɗorayi

'Yata, zuciyarki ba ta mutu ba, matacciyar zuciya ba ta tsoron alhaki. Ƙafar da aka daɗe zaune a kanta takan sage, sai an miƙe jini ya koma.

Ummanki ba mugunta take yi ba. Ta rasa miji, tana wuni tsaye gaban inji, hankalinta yana kanki. Amma kulle mutum ta waje kuskure ne, kuma ganganci ne, gobara ba ta jiran a tashi daga aiki.

Kada ki tunkare ta ke kaɗai. Nemi wanda take jin nauyinsa, kawunki ko malamar Islamiyyarku, ya roƙar miki abu ɗaya: makulli a hannunki, ki riƙa kullewa ta ciki. In ta yarda, ki riƙe amana, ki faɗi inda za ki, ki dawo a kan lokaci. In wannan sagewar ta ƙi wucewa, ki ga likita, ba abin kunya ba ne.

Yanzu da take gida tana jinya, hannu ɗaya ba ya tsifa. Ki tsefe mata kai, ki tambaye ta yadda tata uwar ta riƙe ta. Ba sai kin ji komai ba tukuna, ki dai zauna kusa da ita. Allah Ya ba ta lafiya, Ya yi miki albarka.

Anti Kulu