Abin da Na Yi wa Fom ɗin Sorcha

Ennistymon,
6 ga Satumba.

Zuwa ga Yaya Nuala,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, Allah Ya ƙara muku lafiya. Mu nan kalau muke. Gwiwar maigidana Fintan ta yi sauƙi har ya koma wajen shanunsa, ruwa kuma bai ɗauke ba tun Yuli, kamar yadda kika san garinmu.

Yaya, katin murnar da kika aiko wa 'yata Sorcha ya iso, amma ni ban iya kallonsa ba, don kunya ce ke cina. Kin san tun a Transition Year, shekarar da ake sakin yara su ɗanɗana aiki, aka tura ta ajin Junior Infants, wajen 'yan shekara biyar ɗin nan masu majina. Tun daga lokacin ba ta da zance sai koyarwa. Ni kuwa, da shegen son a sani, lauya nake so a gidana.

Da ta cike fom ɗin CAO na neman jami'a, ta jera zaɓinta: koyarwa a Limerick na ɗaya, lauya a Galway na biyu, wannan ma don ta rufe min baki ne. Ranar ƙarshe ta canjin ra'ayi, ɗaya ga Yuli, tana wajen aiki a shagon burodi, na buɗe kwamfutarta na juya su. Na ce wa kaina ai in sakamako ya fito sai ta zaɓa. Ni da na bar makaranta ina shekara sha biyar, ina na san in an ba ka zaɓinka na farko, duk na ƙasa sun shafe ke nan?

Sakamakon Leaving Cert, jarrabawar gama sakandare, ya fito, yarinyar nan ta ci maki ɗari biyar da saba'in, ya ishe ta koyarwa har da ragi. Aka ba ta lauya. Na kira ofishin CAO, wata mata ta gaya min cikin ladabi cewa ƙa'ida ce, an buga ta a ko'ina, sai dai baɗi. Ranar Lahadi da aka tashi daga coci mata suka yi min caa, Dervla mai kanti har tana tsokanata wai uwar lauya ta fi ƙarfin gaisuwa yanzu. Na yi ta washe baki, wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kwana tara ina kallon Sorcha tana juya dankali a faranti ba ta ci. Jiya dai na kasa, na same ta tana shanya na faɗa mata komai. Na zaci za ta yi ihu. Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce ai ta sani, saƙon canjin ya shigo wayarta ranar, ta gan shi bayan an rufe da minti ashirin. Ta ce wata biyu ke nan tana jira ta ga ko zan faɗa da bakina, kuma ko babanta ba ta gaya wa ba, don kada ya raina ni.

Ta ƙi karɓar gurbin. Za ta sake nema baɗi, amma ta ce ba a gidan nan za ta yi jiran ba, wajenki take so. Don Allah, Yaya, ki karɓe ta. Kada ki ba ta haƙuri a madadina, ban kai nan ba tukuna. Ki dai tabbatar tana cin abinci.

Ki gaida maigidanki Yaya Malachy, da yara, Oisín da Clodagh. Fintan yana gaisuwa, bai san komai ba, yau zan gaya masa.

Ƙanwarki,
Dympna