Sunan da na riƙe a bakina

Dijatu, sanyin idona, inuwar gawon da nake fakewa, nonon safe mai maiƙo, wadda duk ƙasar Kurfai babu irinta. Na gaishe ki da jego, kaina a sunkuye.

Ga ni a Filinge, katanga biyu tsakanina da ɗakin da kike, amma na kasa sake ɗaga labulenki. Da na shigo kin juya fuska bango, kuma wallahi da gaskiyarki.

Kin tuna yammar da muka zauna bakin gonar babanku, gero ya yi kai, cikinki bai ko fito ba? Kika ce in mace ce, a sa mata Hawa, sunan marigayiya innarki. Na yi alkawari. Sai son burgewa ya kama ni, na ce ba zan faɗa wa kowa ba, da bakina zan raɗa wa liman ranar suna.

Kaicona da lissafin jirgi! Tun da na tafi aiki Kasabalanka ta ƙasar Maroko nake miki fahari cewa tsakanina da Yamai awa huɗu ce kacal, kilomita dubu biyu da ɗoriya jirgi yake lashewa kafin tuwo ya sauka daga wuta. Kika ce in taho da wuri, na yi dariya, na yanki tikitin jajibirin suna. Wane irin wawa ne yake auna hanyar gida da sararin sama? Jirgi bai yi ƙarya ba, ya sauke ni kan lokaci. Mota ce ta ƙi cika a tasha. Da muka kai Baleyara kuma ranar kasuwa ce, shanu da amalanke sun toshe titi, layin wayata na Maroko ya mutu murus. Ina zaune tsakanin buhunan albasa, rana tana ɗagawa, sunan 'yata yana bakina.

An faɗa mini yadda aka yi. Liman ya tambayi suna, maza suka dubi juna, rago na ɗaure. Ke kina ciki, kin sani, amma kunyar 'yar fari ta rufe miki baki. Wana Kailu, don kada a watse da kunya, ya ce Habsatu, sunan tsohuwarmu. Aka shafa fatiha. Ban ga laifinsa ba, ni ne na hana shi sani.

Ya hasken gidana, yaya kika ji da guɗa ta tashi da sunan da ba shi kike jira ba? Wa ya share miki hawaye? Na ƙwace miki abu ɗaya da kika taɓa roƙona, ina jin nauyinsa kamar an aza mini turmi a ƙirji.

Ba zan ce ki manta ba. Gobe da safe zan durƙusa gaban tsohuwa in gaya mata alkawarin da na yi miki, ko da ranta zai sosu, in roƙe ta a riƙa kiran yarinya Hawa a gida. Jirgin Jumma'a kuwa, na komawata aiki, zai tashi da kujerata babu kowa. Ina nan har ki yi arba'in, ko aikin zai tafi.

Ki bar ni in ɗauki 'yata a gabanki, ko da ba za ki dube ni ba.

Naki, mai laifi, wanda ba zai dubi wata ba har a rufe shi da ƙasa,
Sahabi