Wa Zai Haƙa Wa Baba Kabari

Kilteevna, yammacin Ireland
Watan Yuli

Zuwa ga ƙanena Fergal,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Sorcha da yara. Ubangiji ya tsare ka a wurin aikin nan naka, ya raba ka da tsautsayi, ya sa albarka a abin da kake samu. Mu nan muna nan yadda ka san mu. Ruwa ya ƙi ɗaukewa, har yau ba mu yanke ciyawar dabbobi ba, maigidana Colm kullum yana bakin taga yana harare-hararen sama kamar shi ya aiko ta. Bayansa ya sake tashi, amma ka san shi, sai ya kwanta ya kasa miƙewa zai yarda yana ciwo. 'Yarmu Eithne ta ci jarrabawarta ta aikin jinya, kuma tun kafin takardar ta bushe ta fara zancen za ta bi ka ƙasar waje, can Perth. Na ce mata ta je, ai kowa ya tafi, in ya so mu da tumaki mu riƙe ƙauyen.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna, tunda duk Lahadi muna magana a waya. To, wayar ce matsalar. Mun sauko wa Baba da gadonsa falo, kuma ka san kunnensa: ka kira shi cin abinci bai ji ba, amma ka yi raɗa a kicin ya ji tsaf. Shi ya sa duk ran da ka tambaye ni jikinsa nake cewa da sauƙi. Babu sauƙi, Fergal. Ciwon dajin ya bar huhu ya shiga ƙashi, likita ya ce mini mu shirya, da wuya ya ga ƙarshen Agusta. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Mutuwa dai mun san tana tafe, shi ma ya sani, kuma da farko ya karɓe ta hannu biyu.

Da aka faɗa masa, ko gezau bai yi ba. Cewa ya yi ba a fafe gora ranar tafiya, ya sa na kai kwat ɗinsa wanki, ya zaɓi waƙoƙin da za a yi a coci, ya kira Fada suka yi magana. Ya ce a sa shi a kabarin Mama, a maƙabartar tsohon coci, a samanta, kamar yadda suka yi alkawari. Sannan ya faɗi masu haƙa: Packie Lavelle da Mossie Gaughan da Donal na bakin gada. Ka san yadda abin yake a wurinmu, jini ba ya haƙa wa jini, maƙwabta ne ke zuwa da diga da shebur, mu kuma mu aika musu burodi da nama da kwalbar wuski, in sun gama su gicciya shebur biyu a bakin ramin. Tun yana saurayi Baba bai taɓa jin an yi rasuwa a yankin nan ya zauna a gida ba. Shi ya haƙa wa uban Packie, ya haƙa wa uwar Donal, da 'yan'uwan Mossie guda biyu. Ya ce mini yana dariya wai biki ne ya daɗe yana kaiwa, yanzu lokacin ramuwa ya zo, zai kwanta ya miƙe ƙafa su kuma su sha gumi.

Sai ga rasuwar Sabina, matar Mossie, a watan Mayu. Mutane suka ɗauki kayan aiki suka nufi maƙabarta kamar kullum, suka tarar da ƙofa da kwaɗo, da allon ƙaramar hukuma a jiki. Ashe a can wani gefen gundumar rami ya rufta wa wani mai haƙa ya karya masa ƙafa, aka je kotu, shi ne hukuma ta yi sabuwar doka: ba mai shiga kabari sai wanda ya yi kwas ya sami takardar shaida, kuma sai da inshora. In ba haka ba, ɗan kwangila ne zai zo da 'yar ƙaramar katafilarsa. Wai an buga sanarwa a shafinsu na intanet. Ka ji fa, intanet, a ƙauyen da sai ka hau tudu waya ke kamawa! Ranar haƙa wa Sabina, Baba ya matsa sai na kai shi maƙabartar, yana zaune a mota ya ga komai. Yaron mai katafilar ba shi da laifi, har hula ya cire, amma cikin ɗan lokaci ya gama ya loda motarsa ya wuce wani ƙauyen. Mossie na tsaye da shebur ɗin da ya kawo wa masu haƙa, bai san inda zai ajiye shi ba. Da muka dawo gida Baba bai ci komai ba. Can da yamma ya ce mini wannan abin mai haƙora ba zai hau kan uwarku ba, hannu ya san inda zai tsaya in ya kusa akwati, ƙarfe bai sani ba.

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, zan gyara. Na fara da waya, wata murya ta yi ta ce mini in danna ɗaya, in danna uku, har na kusa buga wayar da bango. Na ce zuwa da kai ya fi aike, na shiga mota na tafi babban gari. Ofishin da muke zuwa sabunta takardar mota suka tura ni sashen muhalli, sashen muhalli suka ce su shara da masai da karnuka suka sani, in hau sama. A sama aka ce mai kula da maƙabartu ya tafi hutu. Na koma, na sake komawa. Wallahi mutanen nan, in ramin masai za su duba ko kwandon shara ka sa kwalba a inda ba nan ba, ba sa ɓata hanya, amma ramukan titinmu sun girmi Eithne. Na je wajen kansila, wanda Baba ya yi ta zaɓa tun yana da gashi a kai. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, wai Baba Malachy ai kamar ubansa ne, wai in ɗauka an gama. Tun daga ranar in na kira sai a ce yana taro.

A ƙarshe dai na sami wata mata a ofishin maƙabartun, kuma ba zan yi mata ƙarya ba, ta saurare ni har ta kawo mini shayi. Ta ce ita ma maƙwabta ne suka haƙa wa ubanta. Ta ce dokar ba ta hana maƙwabta ba, in dai sun yi kwas ɗin na kwana ɗaya, inshorar kuwa coci na iya ɗaukar nauyi. Har na fara murna. Sai ta duba kwamfuta. Wai sau biyu ake yinsa a shekara, an yi na Afrilu ya wuce, na gaba sai Oktoba. Na ce mata ubana ba zai kai Oktoba ba, a taimaka a kira mai koyarwar ko da mu za mu biya. Ta ce ba ta da iko, sai majalisa ta zauna, majalisa kuma ba ta zama a Agusta. Na fito na zauna a mota na yi kuka har mai duba tikitin fakin ya ƙwanƙwasa mini gilashi.

Na gaya wa tsofaffin nan uku. Packie ya zabura, wai shi da ya yi shekara hamsin yana shiga rami yana fitowa, yanzu yaro mai jar hula ne zai koya masa riƙon shebur? Wai su haura katanga kawai su haƙa, in ya so a zo a ɗaure su, ai gidan yari akwai ɗumi da abinci sau uku, ya fi gidansa. Donal ya ce masa kai da ko gadonka sai an ɗaga ka kake hawa, wace katanga za ka haura, tsohon banza? Amma mai shirya jana'iza ya ce in aka yi haka ba zai kawo gawa ba, don lasisinsa za a ƙwace, kuma hukuma na iya hana binnewar gaba ɗaya. Gaba kura baya sayaki ke nan. Washegari sai Mossie ya zo ya ce in kai su su rubuta suna a kwas ɗin. Haka na kwashe su a mota, kowa da kwat ɗinsa na zuwa coci, suka yi layi a gaban tagar ofis kamar 'yan makaranta. An ce su zo ranar da takalmi mai ƙarfe a baki da hular kwano. Packie har ya sayi tasa, ja, yana yawo da ita a ƙauye.

Na dawo na zauna kusa da Baba na faɗa masa komai tiryan-tiryan, don ya san mun yi iya ƙoƙarinmu, ya haƙura ya bar wa Allah. Garin neman ƙiba na samo rama. Ya saurara har na gama, sai ya tambaye ni Oktoba farko ko ƙarshe. Na ce tsakiya. Ya gyaɗa kai ya ce to, zai jira.

Na ɗauka zance ne, Fergal. Ba zance ba ne. Nas ɗin da ke zuwa duba shi ta kawo maganin kashe zafi mai ƙarfi, wanda ake maƙala wa mutum a jiki, ya ce ba ya so, wai ya ga yadda ya yi wa Sabina, daga barci sai barci har ta wuce ba ta sani ba. Ƙananan ƙwayoyi kawai yake sha, waɗanda ba sa yi masa komai. Mutumin da ko ruwa ba ya son haɗiya, yanzu shi ke cewa in dafa dankali in dama masa da madara, ya tura da ƙarfi, ya dawo da shi, ya ce in ƙaro. In zafin ya taso sai ya kama ƙarfen gado ya juya fuska bango don kada in gani, gumi ya jiƙa matashin kai sharkaf. Jiya da rana na durƙusa a gabansa na roƙe shi, na ce Baba don girman Allah ka karɓi maganin nan, Mama ba za ta ji haushi ba, ni da kaina zan tsaya a kan yaron in ga ya bi a hankali. Ya ce ke Nuala, tun kina ƙarama kike da gaggawa. Wai mutum uku sun sa kwat sun je sun yi layi saboda shi, ba zai kunyata su ba.

Packie na zuwa kullum da hular nan tasa. Yana shigowa zai ce kai Malachy, kada ka kuskura ka mutu kafin in karɓi satifiket, in ka yi mini haka ko jana'izarka ba zan zo ba. Baba ya ce masa ai kai ko an ba ka amsar a hannu sai ka faɗi jarrabawar, tun a firamare kai ne na ƙarshe. Su yi ta dariya har tari ya sarƙe Baba. Shekaranjiya na raka Packie waje, ya tsaya jikin katangar lambu ya cire hular, ya ce mini shi ya fara wannan wasan kuma yanzu bai san yadda zai janye shi ba. Tsoho ya yi ta kuka a tsakar gidanmu, ni ce ma nake ba shi haƙuri.

Na gaji, Fergal, gajiyar da ban taɓa yin irinta ba. In na shiga coci sai in rasa abin da zan roƙa. In na ce Allah ya kai shi Oktoba, na roƙa masa wata uku na wannan azaba. In na ce Allah ya hutar da shi, na roƙa masa katafila a kan Mama, kuma ya tafi yana ganin ya gaza. Likita ya ce ko me ya yi, da wuya zuciyarsa ta ɗauka har can, ga shi yana shan wahalar a banza. Ni maganata ta daina shiga kunnensa. Kai ne auta, kai yake ji, kuma irin katafilar nan kake tuƙawa kana ci da iyalinka. Ka zo ka zauna a gabansa ka faɗa masa cewa mai hankali na iya haƙa da ita bai taɓa akwati ba. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ni dai ka faɗa masa. Ka ce ya saki, ya daina jiran Oktoba.

Ka gaishe mini da Sorcha da kyau, ka ce na gode da hotunan. Ka shafa mini kan Oisin da 'yar autarku Maeve. Ka gai da Kawu Brendan in kun haɗu, amma kada ka faɗa masa wannan, hawan jininsa ya ishe shi. Colm da Eithne suna gaishe ku, Gwaggo Philomena ma ta ce a gaishe ka, wai ka manta da ita.

Baba ya ga ina rubutu ya tambaya wa nake rubuta wa, na ce kai. Ya ce in gaishe ka, in ce maka kada ka ɓata hutunka yanzu, ka bari sai Oktoba ka zo gaba ɗaya. Na rubuta don ya ce in rubuta. Ni kuwa ina ce maka kada ka jira Oktoba. Ka taho.

Yayarka,
Nuala