Babban Yatsan Wanzami

Zangon Kumasi, 4 ga Maris, 1954

Zuwa ga iyalina Rakiatu, a Salaga.

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Inna? Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da jinyar da kike yi. Malam Abu maƙwabcinmu ne ke rubuta wannan takarda ina faɗa masa, yanzu kuma za ki ji dalili.

Akwai abin da na ɓoye miki. Mako biyu da tafiyarki, ina taimaka wa wani fatake sauke huhun goro a tashar Kejetiya, huhun ya zame ya lanƙwasa mini babban yatsan dama ta baya. Kumburin ya saɓe cikin kwana goma, amma yatsan ya mutu. Ko na mintsine shi ba na ji. Cokalin koko ma suɓuce mini yake yi.

Kin san da wannan yatsa nake gwada kaifin aska, da shi nake jin fatar kan mutum kafin in ja. Ranar Juma'a na yanki Alhaji Wahabu a bayan kunne. Shekara goma sha biyu ina yi masa aski ban taɓa fitar masa da jini ba. Bai yi mini faɗa ba, ya ce ƙaddara ce, amma ban sake ganinsa ba. Na rataye zabirar da Baba ya bar mini a bayan ƙofa. A asibiti an ce babu karaya, aka ba ni ƙwayoyi.

Ki sa ni a addu'a. Kada ki gaya wa Inna.

Mijinki, Karimu.

Zangon Kumasi, 29 ga Maris, 1954

Zuwa ga Rakiatu.

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, Inna kuma tana samun sauƙi. Takardarki ta iso. Kin yi gaskiya da kika yi fushi, ki yafe mini. Ki dubi rubutun nan da kyau, karkataccensa duk nawa ne.

Malam Abu ne ya kai ni Moshi Zango wurin wani mutumin ƙabilar Moshi, Sulemana, mai gadin wata ma'ajiyar katako. Tsohon soja ne. Ya ce a yaƙin duniya, a ƙasar Bama, ɗaukar masu rauni yake yi, a can wani tsohon Ba'indiye ya koya masa gyaran gaɓoɓi. Na zaci zan ga layu da tulunan magani. Benci kawai na tarar, da ɗan gwangwanin man kaɗanya.

Ya ce in matse yatsunsa biyu da hagu, sannan da dama. Ya sa na rufe ido, ya ɗora mini wani abu a kan yatsan, ya tambaye ni shinkafa ce ko gero. Na ce ban ji komai ba. Ashe ƙusa ce.

Daga nan ya shiga bin hannun tun daga gwiwa, yana latsawa a hankali kamar mai lalube a cikin duhu, har ya tsaya a gindin yatsan, inda ya haɗu da wuyan hannu. Da Hausarsa ta Moshi ya ce, "Yatsa bai mutu ba. Ta sauka daga kujeranta ne, ta zauna kan jijiya." Ya tambaye ni sunan garinmu. Ina buɗe baki ya ja yatsan, ya murɗa shi kaɗan, na ji ƙas.

Rakiatu, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Wani ɗumi ya taso daga wuyan hannu ya gangara har farce, sai kuma kamar kiyashi dubu suna tafiya a ƙarƙashin fata. Na taɓa bencin, na ji kaushin katakon. Ni da na sha yanka jikin mutane, na ɗauka na san jikin ɗan Adam, sai ga shi wuri ɗaya da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ya kulle mini hannu, ya kuma buɗe shi. Na zauna ina ta tasbihi, hawaye na zuba, ban ji kunyar kowa ba.

Ƙarfin bai dawo duka ba. Duk bayan kwana uku ina komawa. A gida ya ce in riƙa matsa lemun tsami, in riƙa tsince riɗi ɗaya ɗaya daga faranti. Askar dai har yanzu ban taɓa ta ba. Idan na dubi zabirar gabana faɗuwa yake yi.

Ki gaishe da mutanen gida.

Naki, Karimu.

Zangon Kumasi, 20 ga Afrilu, 1954

Zuwa ga Rakiatu, sanyin idona.

Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Na ji daɗin labarin cewa ta fara fita tsakar gida.

Makon jiya matar Sulemana ta haihu, mace, bayan shekara tara suna jira. Na je barka, sai ya ce ni zan yi askin suna. Na roƙe shi ya kira wani, na lissafa masa wanzamai uku da na yarda da su. Ya kama hannuna ya ce in matse, na matse har ya yamutsa fuska. Ya ce, "Hannu ta warke. Kai ne saura."

Jiya da hantsi aka yi. An raɗa mata Safura. Tsakar gidan cike da mata, kakarta ta zauna a kan tabarma ta rungume ta, ana ɗan yayyafi. Na wasa askar, na shafa bakinta da yatsan, na ji kaifin sarai.

Na jiƙa gashin da ruwan ɗumi, na ɗora yatsan a kanta don in ja fatar. Sai na ji maɗigarta tana bugawa a ƙarƙashinsa, a hankali, wurin da ƙashi bai gama rufewa ba. Jarirai nawa na aske a rayuwata, ban taɓa tsayawa na lura da wannan ba. Na tsaya har kakar ta ɗago ta dube ni. Sannan na yi bisimilla na ja.

Ko ƙwarzane babu. Yarinyar ba ta ma farka ba. Sulemana yana tsaye a bakin ƙofa tun farko, ashe ya juya mana baya, bai iya kallo ba. Sai da matan suka yi guɗa ya waiwayo. Ya zo ya shafa kan 'yarsa.

Idan Inna ta yarda, ki biyo motar goro ta ƙarshen wata. Zan kai ki ki ga Safura, in kuma ɗora yatsanki a wurin, ki ji abin da na ji.

Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki mai kewarki,
Karimu Wanzami.