A Bar Umaru Ya Buga Wasan Kaka

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Wasan Ƙwallo na Kaka tsakanin Tambuwal da Kebbe.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ban gajiyar girbi, ni ne Garba mai gyaran keke na bakin kasuwar Tambuwal, wanda ke hura muku ƙwallo da famfonsa tun shekarar samun 'yancin kai. Na zo ƙofarka da bakina aka ce kana hutawa, shi ya sa na rubuto kowa ya ji.

Kun hana Umaru na Kebbe shiga wasan bana, wai sai wanda ya yi damina a gida. To, ga nawa.

Na farko, an kafa dokar nan ne don kada a yi aron baƙi. Umaru kuwa a Kebbe aka binne cibiyarsa. Ƙwallo ce ta kai shi ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa a Zariya, da ta masu haƙar kuza a Jos, da ta masaƙa a Kaduna, ko'ina yana ɗan tsakiya. Kowace ta mori ƙafarsa ta sallame shi. Yanzu ciwon gwiwa ya maido shi gida, bana ce ta ƙarshe gare shi.

Na biyu, na gan shi da idona ranar da na kai keke Kebbe, na tarar suna gwaji a filin makaranta. Ikon Allah! Mu nan mun saba bin ƙwallo duu, kamar kajin da aka watsa wa tsaba. Shi ko yana tsakiya yana ɗan ɗingishinsa, ko gudu ba ya yi. Sai ya tura ta inda ba kowa. Na buɗe baki zan yi dariya, sai ga mutum ya ɓullo ya iske ta tana jiransa. Bai ci ko ɗaya ba, amma duk wadda ta shiga raga daga ƙafarsa ta fito. Ashe shekarun nan duk ba ƙwallo muke yi ba, tsere muke yi.

Na uku shi ne ya hana ni barci. Mahaifinsa, tsoho mai kiwon shanu, ya daɗe yana fushi da wannan sana'a, bai taɓa ganin ɗansa a fili ba. Bana ya sauko, har ya sa a gyara masa akumarin jaki don ranar wasa. Ciwon yanar ido ya rufe wa tsohon ido ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi yake gani.

Ni ɗan Tambuwal ne, na kuma san in Umaru ya shiga za su lallasa mu. Na yarda, ni da kaina zan hura ƙwallon.

Roƙona ku ɗage dokar nan bana, kada ku ce sai baɗi. Gwiwar Umaru ba za ta kai baɗi ba, idon tsohon ma haka.

Allah shi ƙara maka girma da lafiya, shi sa ka gama da iyayenka lafiya.

Wassalam.

Naka,
Garba Mai Keke, Tambuwal